Fasinjar Farar Fijo

Ranar wata Laraba, bayan an sallame sallar magariba, Isufu Shofer yana zaune a bakin ƙofar ɗakinsa da tsumma a hannu, yana goge motocinsa ɗaya bayan ɗaya. Ba motocin hawa ba ne. 'Yan ƙanana ne na ƙarfe, babu wadda ta fi tafin hannu tsawo, irin waɗanda ake tsinta a cikin kayan gwanjo. Duk Matameye an san shi da wannan hali, har an gaji da yi masa dariya. Dattijo da furfurarsa, ya bar tasbaha a aljihu yana ɗiga wa kayan wasan yara mai.

Shi kuwa bai ɗauke su kayan wasa ba. Yana da doka guda, ba ya sayen ƙaramar da bai taɓa riƙe sitiyarin babbarta ba. Ga koriyar Landuroba da ya koyi tuƙi a cikinta yana ɗan shekara sha bakwai, ga Berliye mai dogon hanci da ya yi dakon gyaɗa da ita, ga Marsandi ta kaya da ya sha kai wake Legas, ga Hiyas ta hanyar Ɗan Barto. Tun da ya bar tuƙi, duk rani Kano yake tafiya gadin wani garaji, ranar Lahadi kuma ya shiga kasuwa yana tona tarin kayan 'yan gwanjo har farcensa ya yi baƙi. In damina ta kawo kai, 'yan cin rani su dawo suna sauke buhuna, shi sai ya ciro 'yar mota daga aljihu. Yayarsa Shekara, wadda ke riƙe da gidan, takan juya ta a hannu ta ce, "To, da wace miya za a ci wannan?"

Guda sha ɗaya ya tara, ta sha biyun ce ta ba shi wuya. Farar Fijo 504 yake nema, doguwar nan mai ɗaukar mutum tara, don ita kaɗai ce motar da ya taɓa mallaka. Babbar tana yashe a bayan gida shekara ashirin da ɗaya, tun ranar da matarsa Saratu ta rasu ta bar masa jaririya. Ranar ya ajiye ta, bai ƙara tayar da ita ba, bai kuma ƙara yarda a yi zancen ranar a gidansa ba. Tayoyi suka ruɓe, gilasai suka zube, kaji suka mayar da ƙarƙashinta akurki. Bana Allah ya haɗa shi da ƙaramar, fara fat, har da 'yar ragar kaya a sama. Da ya sa ta cikin armuwarsa, wato kabad ɗinsa mai gilashi, tare da sauran, sai ya ce wa Shekara ta kira masu sayen tsofaffin ƙarafa da ta daɗe tana yi masa mita a kansu. Suka zo da guduma da zarto, kafin la'asar kangon ya zama gunduwa-gunduwa a bayan kamyo, babbar motar kaya. Kwana uku ke nan da yin haka.

Yana cikin gugar Berliye sai tsakuwa ta faɗo kan kwanon rufi. Ɗaya, can kuma biyu, sannan ta zubo ba ƙaƙƙautawa.

"'Ya'yan wa ne marasa kwaɓa?" in ji Shekara daga madafa.

Isufu ya leƙa lungu, ba kowa, ko akuya. Ya dawo ya tsaya tsakar gida yana saurare, sai ya gane wannan ƙara. Ba jifa ba ne. Haka tsakuwa ke bugun cikin mota in ana gudu a kan burji. Sannan warin esansi, man mota, ya taso ya cika gidan, gidan da ko babur babu a cikinsa.

Keken ɗinkin da ke ƙara a ɗakin 'yarsa Najaha ya tsaya. Ta fito ba ɗankwali, ta ɗauki kujerar tsugunno ta ajiye a gaban armuwar, ta zauna ta haɗe gwiwoyi. Ta dunƙule wani ƙyalle ta ɗora a cinya ta riƙe da hannu biyu, ta fara rangaji a hankali, dama, hagu, wani lokacin ta yi 'yar zabura.

"Najaha, lafiya?"

Ba ta dube shi ba. Idonta na kan farar Fijo.

"Shofer," ta ce, "da saura?"

Muryar ba tata ba ce. Ta tsohuwa ce tukuf, wadda haƙora suka daɗe da barin bakinta.

A ranar farko, kafin kiran isha'i abin ya sake ta, ta miƙe tana kukan ciwon baya, ba ta tuna komai ba. Rana ta biyu ya fara tun la'asar. Zuwa rana ta huɗu ba ta ƙara tashi daga kujerar ba. Ba ta kwanciya, ba ta cin abinci, sai kurɓin ruwa in an kai mata baki, kuma duk bayan ɗan lokaci ta ɗaga kai ta yi tambayar nan tata. Ƙafafunta suka kumbura suka yi sheƙi. Aka ɗauke ta har da kujerar aka kai ta likita, aka auna jini, aka yi mata ƙarin ruwa, suka ce ba su ga wata cuta ba. Aka dawo da ita kamar yadda aka tafi da ita.

Tsoro yana da ƙarfi a kwanakin farko, daga baya gajiya ce ke danne shi. Maƙwabta suka yi ta shigowa, kowa da shawararsa, kowa da hayaƙinsa, har gidan ya koma warin barkono da tafarnuwa. Da magariba ta yi kuma kowa sai ya tuna ya bar tukunya a wuta. Shekara ta rame, bakin nan nata ya mutu. Rana ta biyar ta fizgi farar Fijo ta wurga ta bayan katanga, sai Najaha ta ƙwalla wani ihu, ta yi ta yi ba numfashi, har sai da Isufu ya tsallaka ya lalubo motar cikin ciyawa ya mayar da ita mazauninta. Daga nan bai ƙara iya duban armuwar ba. Yakan zauna nesa kaɗan, ya zuba wa ƙafafun 'yarsa ido. Ita kaɗai gare shi, kuma yana gani da idonsa tana ƙarewa a zaune.

Rana ta shida aka ɗauko Malam Cha'ibu daga Tsauni a bayan kabu-kabu. Tsoho ne siriri mai ciwon gwiwa, wanda ya yi shekara arba'in yana wannan aiki, ba ya kuma ɗaga murya, don ya ce ihu ba ya ƙara wa aya ƙarfi. Ya iso bayan la'asar, ya nemi ruwa ya yi alwala, ya sa aka shimfiɗa masa buzu a gefen yarinyar. Ya dubi motocin da ke cikin gilashi ya daɗe. Sannan ya fara karatu a hankali kusa da kunnenta, Fatiha, Ayatul Kursiyyu, Falaƙi da Nasi, yana maimaitawa har inuwar katanga ta rufe tsakar gida. Tsakuwa ta fara zuba a rufi. Rangajin ya tsaya.

"Assalamu alaikum, ke da ke ciki," in ji Malam.

"Wa alaikumus salam," tsohuwar murya ta amsa daga bakin Najaha. "In kai ma fasinja ne, babu wuri."

"Musulma ce ke?"

"Tun ba a haifi kakanka ba."

"To me ya kai ki zaluntar 'yar mutane?"

"Zalunci?" Kan Najaha ya juyo a hankali, idon ya sauka kan Isufu. "A tambayi mai mota. Shi ya ɗauko ni, shi ya ƙi sauke ni."

Malam ya dubi Isufu, Isufu ya girgiza kai. Bai san ta ba, bai taɓa ganin ta ba.

"Ba ka gan ni ba, amma ka kira ni," ta ce. "A gindin tsamiyar ƙofar gidan surukanka nake tsaye, a Kurni, ina jiran mai kai ni Matameye suna. Ka zo a guje ɗaukar matarka, naƙuda ta ƙi. Da aka sa ta a baya ka daki rufi sau biyu ka ce, a shiga, bismillah. Ko ba ka ce ba?"

Isufu ya sunkuyar da kai. Al'adar tashar Matameye ce a zamaninsu. Shofer ba ya tashi sai ya daki rufi ya faɗi haka, ba ya kuma barin mota sai ya zagaya ya buɗe wa fasinja ƙofa da hannunsa ya ce, an iso, a sauka lafiya. Wasu sukan manta, Isufu ba ya mantawa, har ana kwaikwayon muryarsa a tasha. Ashe a ranar ma, hankalinsa a tashe, bakinsa ya yi abin da ya saba.

"Mu ba irinku ba ne, Malam," ta ci gaba. "In an shigar da mu da sunan Allah, ba ma fita sai an sallame mu. Na shiga na zauna a baya, ni da matar da uwarta. Yarinyar nan a tafin hannuna ta fara sauka kafin kakarta ta karɓe ta. Uwar kuwa ba ta ga fitilun gari ba. Da muka iso aka ɗauke mai rai, aka ɗauke gawa. Shi kuma ya kawo motar bayan gida ya kashe, ya fita ya rufe ƙofa, bai ce uffan ba. Na ce bari ya huce, gobe zai zo."

Shekara ta toshe baki da gefen zane. A gidan nan cewa ake yi a likita aka haifi Najaha, a can kuma uwarta ta rasu. Haka aka faɗa wa yarinyar tun tana ƙarama, don a taƙaita zance.

"Damina ashirin da ɗaya ta zuba a kaina," in ji tsohuwar. "Ko ƙwan kazarsa ban taɓa ba. Ina jin sa yana zuwa ya tsaya a bayan motar, ya yi tsaye ya koma. Sai ga wasu da guduma, suka sare ta ina ciki. Na duba ina zan sa kaina, na ga irinta a cikin gilashi, na shiga. Malam, ka ga girmanta kuwa? Gwiwata a kunnena. Shi ne na ce bari in ari bakin da zai ji. Na gaji. Wallahi na gaji."

Ta faɗi haka ba tare da fushi ba, kuma abin da ya fi ba Isufu tsoro ke nan. Da ta yi zagi ko barazana, da ya san yadda zai ƙi ta. Amma muryar irin ta tsofaffin nan ce da ya sha ɗauka daga ƙauye ranar kasuwa, masu zama shiru da ƙunshinsu a cinya har sai an ce musu an zo.

"An yi miki ba daidai ba," in ji Malam. "Amma yarinyar ba ta ɗauko ki ba. Ki fita."

"A bar ni a cikinta mana. Tana da faɗi, kuma ni na fara riƙe ta."

"Ba gidanki ba ce."

"To a dawo mini da motar."

"Ta tafi Kano gunduwa-gunduwa, kin fi ni sani."

"Baƙar akuya fa?"

"Ba a yanka sai don Allah. Ke da kika ce Musulma ce."

"Na sani," ta ce, ta yi ajiyar zuciya. "Gwadawa na yi. To shofer ya ƙarasa aikinsa. Ya buɗe ƙofa da hannunsa, ya faɗi abin da ake faɗa, in kama gabana. Amma ba a sauke rabin mota. Mu biyu muka rage a baya. Ya kira sunan matar, ya sauke ta, sannan ni."

"Kada ki kawo mana ƙarya," Malam ya ce, karon farko da muryarsa ta yi kauri. "Wadda ta rasu tana kabarinta."

"Tana can, Allah ya ji ƙanta. Ban ce tana mota ba. Shi ne bai sauke ta ba."

Malam ya ja carbinsa. Can ya juyo ya ce, "Isufu, su suna ƙarya suna gaskiya, ban san wace ce wannan ba. Amma abin da ta nema babu saɓo a cikinsa. Tashi ka ɗauko motar."

Isufu ya tashi da ƙyar, ya buɗe gilashin, ya ɗauko farar Fijo ya ajiye a ƙasa gaban kujerar. Ya durƙusa. Ya sa farce a tsagar 'yar ƙofar baya, ta suɓuce, ya sake, ta buɗe. A ciki ba komai sai 'yar kujerar roba baƙa. Ya zuba mata ido. Shekara ashirin da ɗaya sunan matarsa bai bi ta harshensa ba. In dole ta kama yakan ce mai rasuwa, ko uwar yarinyar, ya yi sauri ya kawo wani zance. A ganinsa, ranar da ya faɗi kalmomin nan, ranar ce ya yarda tafiyar ta ƙare kuma bai kai ta ba. Ya san wauta ce, ya kuma san da wautar ya rayu.

Ladan ya fara gyaran murya a masallacin unguwa. Tsakuwa ta ƙara ƙarfi.

"Shofer," in ji tsohuwar a hankali, "da saura?"

"Isufu," Shekara ta ce, hawaye na bin kumatunta, "dubi ƙafafun yarinyar nan. Don Allah dubi ƙafafunta."

Ya duba. Sun yi suntum, fatar ta fara tsagewa a wajen idon sawu. Ya ɗaga yatsa ya daki rufin 'yar motar sau biyu, ƙarar ba ta fi ta ɗigon ruwa ba.

"Saratu," ya ce. Ya maimaita. "Saratu, an iso. A sauka lafiya. Ki yafe mini, ban kai ki da wuri ba."

Ya kifa goshi a ƙasa, kafaɗunsa suna girgiza. Ba wanda ya taɓa shi. Sai da ya yi mai isarsa, sannan ya ɗago ya share fuska da hannun riga.

"Iya," ya ce, "ke ma an iso. A yi haƙuri da jinkiri. A sauka lafiya."

"Alhamdu lillahi," in ji tsohuwar. "Sunan da zan je ma, ai yanzu yarinyar ta yi aure."

Malam ya sa ta rantse da Allah ba za ta dawo ba, ba kuma za ta aiko wani ba. Ta rantse sau uku, a gajiye, kamar mai son a ƙyale ta. Najaha ta yi atishawa, ta sake, ta sake. Tsakuwa ta ɗauke cak. Dukansu suka ji jan takalmi a ƙasa, taku gajere-gajere na mai ciwon ƙafa, ya ratsa tsakar gida ya nufi zaure, labulen buhun da ke ƙofa ya ɗan motsa. Warin esansi ya bi bayansa.

Ƙyallen ya faɗi daga cinyar Najaha, ta sulale gefe, Shekara ta tare ta. Suka kwantar da ita a tabarma, Shekara ta miƙe mata ƙafafu ɗaya bayan ɗaya tana kuka tana matsawa. Malam ya tofa a ruwa aka ba ta, ya ce a dama kunu marar kauri, kada a cika mata ciki. Ya naɗe buzunsa ya dogara sanda ya tafi masallaci, don an riga an tayar da iƙama.

Isufu bai bi shi ba. Yana nan zaune a ƙasa inda ya durƙusa, sai ya ga idon 'yarsa a buɗe, nata na gaske, tana duban sa.

"Baba," ta ce, muryar ta dishe amma tata ce. "Kamar daga nesa na ji ka. Sunan innata ka kira?"

"Eh."

"A mota aka haife ni?"

Ya dubi Shekara. Shekara ta kawar da kai, ta ci gaba da matsar ƙafa.

"A mota," ya ce. "Tsakanin Kurni da nan. Ni ke tuƙi."

Najaha ta lumshe ido, har ya zaci barci ya ɗauke ta. Sai ta miƙo hannu ta lalubo gefen rigarsa ta riƙe.

"Ban taɓa jin sunan a bakinka ba, Baba. Sake faɗa."

Ya matso kusa da tabarmar, ya sunkuya wajen kunnenta, ya sake faɗa.